Wasiƙa: Duk abin da ka ƙara wa babur, ka sanar da kamfanin inshora a rubuce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana da 'yan'uwa masu babura, aboboya (keken kaya mai taya uku) da pragya (keken fasinja mai taya uku) a nan Kumasi, musamman na Aboabo, Asawase, Sabon Zango, Alabar da Tafo, kan wani sakaci da ke jawo wa mutane asarar dukiya ba gaira ba dalili.

A garin nan babur ba ya daɗewa yadda ya fito daga shago. Kafin ya yi wata guda an kai shi wurin mai walda ya tsawaita kariyar baya, an ɗaura akwatin kaya, an ƙara fitilu biyu a gaba, wani ma har ya wuce da shi Magazin, unguwar makanikai a Suame, a ƙara wa injin ƙarfi. Yawancin wannan ba laifi ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne takardar inshora tana nan yadda aka cike ta ranar farko, tana bayanin babur ɗin da ya fito daga kwali, alhali wanda ke yawo a titi wani ne daban. Ranar da aka yi hatsari ko aka sace shi, takarda kamfani zai buɗe, ya gwada ta da abin da ke gabansa.

Dalilin da ya sa takarda ke da wannan ƙarfi shi ne yadda cinikin inshora yake tun asali. Sau da yawa kamfani bai taɓa ganin babur ɗinka ba. Abin da ka rubuta a fom, ko abin da wakili ya rubuta da sunanka ka sa hannu, da shi aka auna haɗarin aka yanka kuɗin da za ka biya. Saboda haka ƙa'idar da aikin inshora ke tafiya a kanta ita ce, duk wani bayani da zai iya sa kamfani ya ƙara kuɗi, ko ya gindaya sharaɗi, ko ya ce ba zai karɓa ba, wajibi ne mai babur ya faɗe shi. "Ai ba su tambaye ni ba" ba ta cika fitar da mutum ba. Kuma nauyin bai ƙare ranar farko ba: yana dawowa duk shekara wajen sabuntawa, sannan yawancin takardun inshora suna da sharaɗin a sanar da kamfani idan an yi sauyi a tsakiyar shekara.

Inshorar abin hawa iri uku ce a Gana. Akwai ƙarama, wadda dokar 1958 ta wajabta wa duk abin hawa mai inji da zai hau titi, ita ce ke biyan diyyar wanda ka ji wa rauni ko ya rasa ransa, da ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani har zuwa wani adadi. Akwai ta tsakiya, wadda ta ƙara da gobara da sata. Sai cikakkiya, wadda ta haɗa har da lalacewar babur ɗinka kai kanka. Mafi yawan 'yan'uwanmu ƙaramar suke yanka, kuma da sun ji wannan magana sai su ce ai ta masu cikakkiya ce, tunda su dama ba a biyan su kuɗin babur. Rabin wannan gaskiya ne. Kuɗin akwati ko na fitila bai shafi mai ƙaramar inshora ba, amma girman inji, nauyin kayan da ake ɗauka da irin aikin da ake yi da babur sun shafe shi kai tsaye, domin su ne ke nuna yawan ɓarnar da zai iya yi wa wani. Kuma diyyar mutumin da aka kwantar a asibitin Komfo Anokye da karayar ƙashi tana iya ninka kuɗin babur sau da yawa.

Bari mu fara da mai sauƙi, wato kayan ƙari da ba su taɓa inji ko ƙashin babur ba: akwatin baya, ƙarfen kare ƙafa, gilashin tare iska, maƙalin waya, na'urar bin sawu, ƙararrawar ɓarayi, sabuwar kujera, tayoyi masu tsada. Matsalarsu ta kuɗi ce kawai. Kamfani yana biyan abin da aka ƙiyasta aka rubuta, abin da ba a rubuta ba kuwa tamkar babu shi ne. Wasu takardun suna da ɗan ƙaramin adadi na kayan ƙari da suke biya ko ba a lissafa ba, wasu ba su da shi sam, don haka sai mutum ya duba tasa. Akwai kuma sharaɗin da ake yawan samu cewa ba a biyan kayan ƙari da aka kwance aka sace su kaɗai, sai idan an tafi da babur ɗin gaba ɗaya. Wanda ke ajiye babur a kusa da kasuwar Kejetia da akwati a baya ya kamata ya san wannan tun kafin ya dawo ya tarar da kusoshi huɗu kawai.

Ga kuma lissafin da ke ba mutane mamaki. A ce, don misali, babur da kayan da aka ƙara masa sun kai sidi 20,000, amma a takarda 15,000 aka rubuta. An yi hatsari, gyara ya kama 4,000. Idan takardar tana da sharaɗin biya gwargwadon ƙimar da aka yi wa inshora, kamfani zai ce kashi uku cikin huɗu na dukiyar ka kawo masa, don haka kashi uku cikin huɗu na gyaran zai biya, 3,000 ke nan. Daga ciki kuma a cire kason farko da mai babur ke ɗauka da kansa a kowace ɓarna, a kuma rage na tsufan kaya. Mutum ya fita yana cewa an cuce shi, alhali da hannunsa ya rage ƙimar don kuɗin shekara ya yi sauƙi. Kishiyar haka ma ba ta da riba: wanda ya kumbura ƙima ya biya kuɗi mai yawa a banza, domin kamfani ba zai biya fiye da abin da babur ya kai a kasuwa ranar da abin ya faru ba.

Kayan wuta su ne muke so mu daɗe a kansu, don nan ne aka fi yin ganganci. Ƙananan babura irin su Boxer, Haojue, Royal da TVS suna aiki da batir mai bolt 12, kuma kwayil ɗin da ke caja shi an yi shi ne daidai da fitilun da kamfani ya sa, da ɗan rara kaɗan. Sai mai babur ya ƙara fitilun haske biyu, hon na mota, cajar waya, lasifika da fitilun ado masu walƙiya, duk a kan wayoyin asali. Lissafin ba shi da wuya: a raba wat da bolt, a sami yawan wutar da abu ke ja. Fitilu biyu masu wat 18 kowacce, wat 36 ke nan, a kan bolt 12 suna jan am 3. Wannan yana buƙatar layinsa na kansa daga batir, da fis na am 5 a kusa da kan batir ɗin, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Hon na mota kuwa yana jan wuta fiye da abin da maɓallin babur zai jure, sai an sa masa rile, wato ƙaramar na'urar da ke ɗauke wa maɓallin nauyin wutar. Abin da muke gani a zahiri shi ne a feƙe waya, a murɗa wata a kanta, a naɗe da salatif, a bi da ita ƙarƙashin tanki gab da robar fetur, babu fis ko ɗaya. Girgizar hanya tana goge fatar wayar a jikin ƙarfe sannu a hankali. Ranar da tagulla ta taɓa ƙashin babur, wayar za ta yi ja kamar garwashi, tunda babu fis ɗin da zai tsinke ya yanke wuta, ga fetur kuma a samanta.

Injiniyan da kamfani zai turo ya duba ƙonannen babur ya san inda zai nema. Wayar da ta narke saboda ta taɓa ƙarfe wuta ta haɗu tana barin alama, kuma wayar da ba ta kamfani ba ce a bayyane take ko bayan gobara. Idan ya rubuta a rahotonsa cewa wutar ta tashi daga ƙarin da ba a sanar ba, mai inshorar gobara ya shiga tsaka mai wuya. Da an sanar, da wataƙila kamfani ya nemi rasit ɗin mai aikin wuta kawai, ko ya ce a kawo a duba. Na'urar bin sawu ma a sanar da ita. Mutane suna ganin ai ita taimakon kamfani take yi, kuma haka ne, wani kamfanin ma yana iya yin rangwame a kanta. Amma fa idan aka yi maka rangwame saboda ita, ya zama sharaɗi ta kasance tana aiki. Layin waya da ke cikinta ya mutu wata uku ba a sa masa kuɗi ba, aka sace babur, to akwai magana. Jiniya da fitilar da ta yi kama da ta 'yan sanda kuwa ba batun sanarwa ba ne, dokar hanya ta keɓe su ga wasu motoci ne kawai, a cire su.

Sai inji. A nan dole a bambance gyara da sauyi. Idan inji ya ci, makanike ya gyara ramin silinda ya sa fistin mai ƙarin milimita 0.25 ko 0.50, wannan gyara ne, ƙarin bai wuce si-si (ma'aunin girman inji) ɗaya ko biyu ba a ƙaramin inji. Haka canza filogi, sarƙa, batir, kayan burki ko taya da irin nasu na asali. Ba sai an buga wa kowa waya ba. Amma ɗora bulo da fistin na babban inji a kan ƙarami, ko sauke injin si-si 100 a ɗora na 150, wannan sauyi ne babba. Burkin da shoka da ƙashin babur an auna su da ƙarfin tsohon injin, yanzu ga gudu ya ƙaru, burki yana nan yadda yake. Haka canza kafireta da babba, ko fasa salansa a cire abin da ke cikinta. Ko faifan sarƙa na gaba, idan aka sauya mai haƙori 14 da mai 15, an ƙara wa babur gudu da kusan kashi 7 cikin 100 a kowace giya, an rage masa ƙarfin tashi da kaya. Ƙaramin abu ne a ido, amma sauyin aikin inji ne, a faɗe shi.

Sauya inji gaba ɗaya yana da ƙarin wata matsala, domin lambar inji ta canza. Lambar inji da lambar shasi su ne shaidar babur a takardun DVLA, hukumar rajistar ababen hawa, da na inshora. Idan aka sace babur aka gano shi, ko 'yan sandan MTTD, masu kula da hanya, suka rubuta rahoton hatsari, aka ga lambar da ke jikin ƙarfe ba ita ce a takarda ba, tambayar farko ita ce ko wannan ne ma babur ɗin da aka yi wa inshora, ta biyu kuma ina aka samo injin. Wanda zai sayi inji na hannu a Magazin ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin da sunan shagon, ya je DVLA a gyara bayanin rajista, sannan ya kai wa kamfanin inshora kwafi. Sauya launi ma haka ne. Babur ja da ya koma baƙi sai an gyara takardunsa.

Masu aboboya su ne suka fi kowa taɓa ƙashin abin hawa. A ƙara wa bodi tsawo da katako ko ƙarfe, a ƙara ganyen sifirin don ya ɗauki lodi, a yi rumfa, a ɗora tankin ruwa. Lita 1,000 ta ruwa tan ɗaya ce cif, ban da nauyin tankin, kuma ruwa ba ya zama wuri ɗaya: idan tankin bai cika ba, yana tunkuɗa keken gaba lokacin taka burki, yana jan shi gefe a kwana. Ƙarin sifirin yana hana bodi zama a kan taya, amma bai ƙara wa burki komai ba, kuma tsawon bodi yana ɗaga nauyi sama, kifewa ta zo da sauƙi. Kowane keke yana da nauyin da kamfanin da ya ƙera shi ya ƙayyade, yana cikin littafinsa. Wuce wannan nauyi hujja ce a hannun kamfanin inshora ko da an sanar da bodin. Mai pragya da ya ƙara katako a gefen direba don fasinja ɗaya ko biyu shi ma ya wuce adadin kujerun da aka rubuta, kuma inshorar fasinja da yawan kujeru ake lissafa ta.

Wanda ya fi duk waɗannan nauyi, a ganinmu, ba ƙarfe ba ne, aikin da ake yi da babur ne. A satifiket ɗin inshora akwai wurin da aka rubuta iyakar amfanin da aka yarda da shi. Na mai zaman kansa yakan ce zirga-zirgar gida da harkar mai shi, ban da ɗaukar mutum ko kaya don a biya. A 2012, dokar hanya mai lamba L.I. 2180 ta hana ɗaukar fasinja a babur don kuɗi, ta bar ƙofa ga masu kai saƙo da kai kaya. An yi shekaru ana ja-in-ja kan halatta okada, wato haya da babur, amma kome doka ta ce a kai yanzu, ba zai sauya abin da ke rubuce a satifiket ɗinka ba. Wanda ya ɗaura akwati yana kai abinci daga Adum zuwa Asokore Mampong da inshorar mai zaman kansa, akwatin da kansa zai ba da shaida a kansa a wurin hatsari. Ko da kamfani ya biya wanda aka buge saboda doka ta tsare masa haƙƙinsa, yana iya juyowa ya bi mai babur kuɗin.

To yaya ake sanarwar? Kafin a kai babur wurin aiki ake fara ta, ba bayan an gama ba, domin akwai sauyin da kamfani zai ce ba ya karɓa, gara ka ji tun kuɗinka na aljihu. Ka rubuta takarda, ko da rabin shafi ce, mai ɗauke da lambar inshorarka, lambar rajista, lambar shasi da ta inji, sannan ka jera kowane abu ɗaya bayan ɗaya: sunansa, kamfanin da ya yi shi, kuɗinsa, kuɗin aiki, da wanda zai ɗaura. Kada ka rubuta "kayan ado, 2,000". Ka rubuta akwati mai lita 45 kaza, fitilu biyu masu wat 18 kaza, na'urar bin sawu kaza. Bayan aiki ka ɗauki hoto ta gaba, ta baya da gefe biyu, da hoton lambobin da ke jikin ƙarfe, da na wurin da aka sa fis. Ka haɗa da rasit. Mun san a wurin makanikanmu rasit ba al'ada ba ce, amma takardar hannu mai kwanan wata, sa hannu da lambar waya ta fi babu.

Ka kai ofishin kamfanin ko dillalinka da kwafi biyu, a buga maka hatimi a ɗaya ka riƙe. Sannan ka jira takardar ƙari, wadda kamfani ke fitarwa ya liƙa wa inshorarka, mai ambaton abin da ka sanar da sabuwar ƙimar. Wannan takarda ita ce magana. "Na gaya wa wakili ya ce ba komai" ba ta da amfani ranar da wakilin ya bar aiki ko ya ce bai tuna ba. Idan an ƙara maka kuɗi, yawanci na watannin da suka rage ne kawai, ka biya nan take ka karɓi rasit, domin tun 2014 hukumar inshora ta ƙasa, wato NIC, ta kafa ƙa'idar cewa in ba a biya ba babu inshora. Mutane da yawa suna danna *920*57# su ga babur ɗinsu yana cikin rumbun bayanan inshorar ababen hawa da aka buɗe a 2020, hankalinsu ya kwanta. Wannan yana tabbatar da cewa inshorar ba ta jabu ba ce kuma ba ta ƙare ba, amma bai ce an san da injin da ka sauya ba.

Wanda ya riga ya yi sauyi tuntuni bai sanar ba, ya je ya sanar yanzu. Kamfani zai iya ƙara kuɗi, ko ya ce ya karɓi babur ban da abu kaza, ko ya ce a kawo a duba. Duk waɗannan sun fi a gano bayan hatsari, lokacin da zai iya rage diyya, ko ya ƙi biya, ko ya soke inshorar idan ya ga da gangan aka ɓoye. Idan kuwa kamfani ya ƙi biya kan abin da ba shi da alaƙa da hatsarin, misali an buge ka ta baya kana tsaye aka kafa hujja da maƙalin waya, kada ka haƙura. Ka nemi dalilin a rubuce, ka kai ƙara sashen koke na NIC, wadda dokar inshora ta 2021 ta ɗora wa kula da kamfanonin, kuma tana da ofis a nan Kumasi.

Ba za mu ɗora laifin duka a kan masu babura ba. Wakilai da yawa suna sayar da inshorar babur kamar masu sayar da katin waya: kawo lambar rajista, kawo kuɗi, ga takardarka. Ba a tambayi girman inji ba, ba a tambayi aikin da ake yi ba, fom ɗin da Turanci ne, mai babur kuma bai karanta ba, aka nuna masa inda zai dangwala. Wakilin da ke tsaye yana kallon akwatin kai saƙo a bayan babur ya rubuta "mai zaman kansa" don kuɗin ya yi araha kada ciniki ya kuɓuce masa, shi ma yana da kaso a asarar da za ta biyo baya. Muna kira ga kamfanoni su sa layi bayyananne a fom na kayan ƙari da sauye-sauye, su kuma sa wakilansu na Zango su yi bayani da Hausa ko Twi, su ɗauki hoton babur ranar yanka inshora. Waya na hannun kowa, wannan ba ya cin minti biyu.

Saura mutum biyu da ya kamata su yi hattara fiye da kowa. Na farko mai sayen babur na hannu: ya gwada lambar inji da ta shasi da takardu tun kafin ya ba da kuɗi, ya sa makanike ya duba masa ko bulon na asali ne, domin sauyin da tsohon mai shi ya yi ya zama nasa da zarar ya cike fom da sunansa. Kuma inshorar tsohon mai shi ba ta bin babur zuwa sabon hannu haka kawai, sai ya yanki tasa. Na biyu Alhaji ko Hajiya da suka saya wa yaro babur ko pragya a kan yarjejeniyar ya yi aiki yana biya duk mako har ya mallaka. Sunanku ne a inshora, amma yaron ne ke kai keken wurin walda da mai wuta, ku kuma ba ku gani sai ranar kawo kuɗi. Ku sa a cikin yarjejeniya cewa ba a ƙara kome ba a cire kome sai da izininku, ku riƙa zagaya keken da idonku ranar da ya kawo kuɗin mako, ku kuma tabbata sunan direban da lasisinsa sun dace da abin da satifiket ya ce game da wanda aka yarda ya tuƙa.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan inshora da masu gyaran babura,
Aboabo, Kumasi.